Ranar da Ruwa Ya Shiga Shagon Yadi

Tunda ka ce kai ne za ka riƙe sana'ar gidanku, Tasi'u, bari in ba ka wani misali kafin ka fara sallamar mutane kana ɗauko sababbi.

A wata kasuwa da ke gangaren rafi akwai wani shagon yadi na gado. Kaka ne ya kafa shi, ya bar wa ɗansa, ɗan ya bar wa 'yarsa. Suna sayar da shadda da atamfa da farin yadi, ga zare iri-iri, ga allura da maɓalli, ga huluna na ɗinkin hannu rataye a bango. Mutum uku ne suka tsufa a aikin shagon. Akwai mai awo, wanda ya shekara talatin da huɗu yana yankan yadi, har almakashi ya yi masa kanta a babban yatsa. Akwai wata dattijuwa mai ɗinkin hula, kullum tana zaune kusa da taga saboda haske. Na ukun mai ɗaukar dilar kaya ne, mutum marar surutu, wanda ba kowa ya san a marina ya tashi ba.

Wata damina aka wuni ana ruwa, rafin ya tumbatsa ya shiga kasuwa. Da ruwan ya janye aka buɗe shagon, sai ga laka har ƙwauri. Duk kayan da ke kantocin ƙasa sun jiƙe. Farar shadda ta koma ruwan ƙasa, atamfa ta zuba a jikin 'yar'uwarta, ga wari ya fara tashi. Mai shagon ta tsaya a ƙofa ta kasa shiga. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinta, kuma ba abin da take tsoro irin a ce a hannunta gadon ya mutu. Ta ce a kira masu sayen tsumma su kwashe komai, kowa kuma ya nemi wani wurin, ita ta haƙura. Kafin azahar masu shaguna biyu sun aiko wa mai awo cewa ƙofarsu a buɗe take. Ya ce a yi musu godiya. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya dubi mai shagon ya ce, "Uwar ɗakina, na yi wa kakanki awo, na yi wa mahaifinki. Kada ki kira kowa tukuna. Ki ba mu mako uku." Bai jira amsarta ba ya shiga cikin lakar.

Turmi ɗaya bayan ɗaya ya riƙa warwarewa. Ya murza yadi tsakanin yatsu biyu, ya san na auduga wanda zai karɓi rini, ya san na roba wanda ba zai karɓa ba. Inda ya ruɓe ya yanke ya yar, ba ya tausayinsa. Mai ɗaukar dila ya kwashi na audugar ya wanke, ya shanya, ya ɗora a mota zuwa wani ƙauye inda abokinsa na ƙuruciya yake da rijiyar rini har yanzu. Shekara ashirin rabonsa da sa hannu a shuni, amma hannun bai manta ba. Ya bi wuraren da suka tsira da farinsu ya ɗaɗɗaure da zare, ya bar masu tabon a sake. Da yadin ya fito daga rini aka kwance, tabo ya nutse cikin shuɗi, farin kuma ya fito zagaye-zagaye kamar ƙwan zabo. Aka kai wa mabuga suka buge shi har yana ɗaukar ido.

Ƙyallayen da suka rage kuwa, dattijuwar ta hana a zubar da ko ɗaya. Ta aika wa matan da ta koya wa ɗinki tsawon shekaru, tara suka zo, kowace da allurarta. Suka zauna a tsakar gidan mai shagon suna haɗa ƙyalle da ƙyalle, har suka fitar da rigunan matashin kai da jakunkuna da zannuwan goyo. Idon dattijuwar ya yi rauni, sai an zura mata zare a allura, amma ita ce ke cewa wannan launi ya zauna kusa da wancan, kuma ba wadda ta yi mata gardama.

Ranar da aka sake buɗewa, wani ɗan'uwan mai shagon ya ba da shawarar a yi shiru, a ce sabon kaya ne daga waje. Mai awo ya ƙi. Duk wanda ya ɗaga yadi sai ya ce masa, "Wannan ruwa ya taɓa shi, mu muka gyara da hannunmu. Duba da kyau kafin in yanka." Mutane suka duba, suka saya, suka koma gida suka turo wasu, domin sun san bakin nan bai taɓa yi musu ƙarya a kan yadi ba. Ba duka kayan aka ceto ba, wajen rabi ya tafi. Amma shagon bai rufe ba. Kafin damina ta zagayo, har daga wasu garuruwa ake zuwa neman rinin mai ɗaukar dila, shi da a da ba wanda ya san sunansa. Ita kuwa mai shagon, daga ranar nan, in baƙo ya tambayi wa ke da wurin, sai ta nuna dattawan nan uku ta ce, "Ga su nan. Ni makulli kawai na gada."

To, ka ji, Tasi'u. Ba banza ba Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.