Farantin Taurarin Liman Iliyasu

Simintin Malbaza ya iso, magina sun iso, an share fili, amma sabon masallacin wani ƙauye kusa da Illela ya ƙi tashi. Ba a daidaita kan inda zai fuskanta ba.

Liman Iliyasu ya ce da abin kakansa za a fitar da alƙibla: wani farantin tagulla mai zane-zane, da 'yar sanda mai huda biyu a tsakiya. Wai da shi tsohon ya riƙa auna taurari har ya isa Makka a ƙafa. Mushe Tanimun, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai ritaya, dariya ta kusa kayar da shi. Shi yana da busol, abin nan mai allura da ke nuna arewa, kuma shekara ashirin ke nan yana jiran ranar da zai kunyata Liman.

Aka ƙulla sharaɗi gaban dattawa. In faranti ya saɓa wa busol, Liman ya sauka daga limanci. In sun dace, Tanimun, wanda barci ya fi masa komai daɗi, shi zai riƙa kiran asuba.

Liman ya ce a jira watan Zulƙida, kuma da hantsi zai yi awon. Taurari da hantsi! Tanimun har ya fara tausaya masa.

Ranar, gari ya taru. Liman ya sa kowa ya sunkuyar da kai, wai taurarin rana ba sa son idon jama'a. Ya ɗaga faranti, ya leƙa huda, ya yi ta jira har wuyan mutane ya ƙage. Can aka ji wani ɗan rugugi daga nesa, tsofaffi suka ɗauki salati. Liman ya ja layi a ƙasa da sandarsa.

Tanimun ya ɗora busol. Ya girgiza shi, ya sake ɗorawa. Ko kaurin zare babu bambanci. Ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Wata uku yana kiran asuba da ido ja, kafin ya tare Liman a zaure.

"Don Allah, Liman, wane tauraro ne ka gani?"

Liman ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Tauraro? Mushe, ko ubana bai iya karanta farantin ga ba. Jirgin alhazai na Yamai dai, kowace shekara ta bisa kanmu shika wucewa zuwa Jidda."