Zanen Yatsunta Yana Jikin Bango

Karo na huɗu ke nan na'urar ofishin fasfo ta ƙi karanta yatsun tsohuwar.

"Iya, zanen yatsunki ya goge," in ji jami'in. "In babu shi, babu fasfo."

Tun da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu, sabuwar iyaka ta bar gidanta da kabarin mijinta a ƙetare, su kuma aka kwaso su nan.

Ta juya tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Ɗan nan, shekara arba'in ina yaɓe gidan can da hannuna. Zanen duk yana jikin bango. Bar ni in je in ɓamɓaro maka."

Jami'in ya sunkuyar da kai, ya kira mai bi mata a layi.