Tayar Mai Faci

Yau ma sai da ya yi. Daga tagar ɗakin girki ta hango mai facin nan na bakin titi ya mirgino ƙatuwar tayar babbar mota, ya tokare ta a gaban babanta. Tsohon ya dafe tayar da hannu biyu, ya tsaya yana haki.

"Kai tsoho, hanyar gadonka ce?" mai faci ya daka masa tsawa. "Kullum sai ka zo ka watsa min kaya!"

Ranta ya yi baƙi ƙirin. Layinsu gangare ne tun daga ƙofar gida har bakin babban titi, inda manyan motoci ke wucewa kamar za su tashi sama, kuma nan Baba yake bi kowace safiya zuwa shagonsa na ɗinki. Wata da watanni wannan ƙazamin mutum, da rigarsa da ta sha baƙin mai, ba shi da aiki sai tare wa dattijo hanya.

Abin da ya fi ci mata rai, Baba bai taɓa tanka masa ba. Dama kwanan nan ya koma wani iri. Fuska ba walwala, hannun hagu kullum a aljihu, takalmi kuwa ya cinye ta gaba saboda jan ƙafa. Ta ce lallai baƙin cikin wulaƙancin nan ne ke cinsa. Da ya dawo gida da rana, ta tare shi.

"Baba, wai me ka tsare wa mutumin nan?"

"Ki fita harkarsa," in ji shi, muryar can ƙasa-ƙasa.

Ina! Ta yafa mayafi, ta je ta wanke mai faci tas a gaban masu jiran a yi wa tayoyinsu iska. Ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Ni da babanki ne, ba da ke ba."

Nan ta ƙara hawa. Ta kai ƙara wajen masu kula da titi, ta ce rumfar mai facin ta toshe hanya, tana neman kashe mata uba. Kafin yamma an loda injin iska da benci da tayoyin duka a mota. Da za a tafi da shi, mai faci ya waiwayo ya ce mata, "Gobe kada ki bar shi ya fito shi kaɗai."

Ji ɗan banza, har da barazana! Ta ja tsaki. Ba ta gaya wa Baba komai ba, so take ya gani da idonsa.

Da safe ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi, zuciyarta fes. Baba ya fita a hankali. Da ya kai tsakiyar gangaren sai jikinsa ya karkata gaba, takun ya ƙara gajarta, ya ƙara sauri, takalmin na sharar ƙasa. Ta yi murmushi. Ga shi nan, an ba shi hanya, har ɗan gudu yake yi.

Ya iso inda rumfar take, babu komai sai tabon baƙin mai, bai rage sauri ba. Wata tirela ta danna ham. Sai ta ji ya ƙwala kira da wata murya da ta daɗe ba ta ji ba:

"Mai faci! Ina tayar? Ka tare ni mana, ka san ƙafafun ba sa tsayawa!"