Ranar Rusau a Duwar Sfiha

Ƙarfe takwas na safe katafila ta tsaya a bakin Duwar Sfiha, unguwar bukkokin kwano da ke gefen Kasablanka. Lalla Zuhur kuwa ta riga ta kafa kujerarta a tsakiyar hanya, da fayil a cinyarta.

Shekara tara tana yawo da fayil ɗin nan. Ita ta kafa ƙungiyar mazauna unguwar, ita ta riƙa bin ofis-ofis har aka ware kuɗi aka gina musu benaye masu rahusa, don kowane iyali ya mallaki nasa. Sai dai da jerin sunaye ya fito, ashe ƙofofi aka ƙirga, ba iyalai ba. Duk wanda ya yi aure ya yanki ɗaki a bukkar iyayensa, babu shi a ciki. Iyalai arba'in da ɗaya ke nan, har da na ɗanta Bushayib, wanda sai bana ya samu aiki bayan shekara huɗu yana zaman kashe wando.

Tun watan jiya aka ba Zuhur makullin nata, ɗaki biyu a hawa na huɗu. Ta ƙi tarewa.

Shugaban gunduma ya tako har gabanta, 'yan sanda na biye da shi.

"Lalla Zuhur, ke fa kin samu naki. Me kuma kike nema?"

"Sidi, mu tara ne a gidana. A banɗaki zan shimfiɗa wa jikokina?"

"Za a duba maganar."

"Tun gashina yana baƙi kuke dubawa."

Da kujerar aka ɗauke ta, aka ajiye a gefen hanya. Shugaban ya ɗaga wa direba hannu. Direban, wanda ya naɗe fuska da ƙyalle saboda ƙura, bai motsa ba. Sai da wakilin kamfanin rusau ya hau ya daka masa tsawa: "Mutum goma ke jiran kujerar nan taka!" Sannan injin ya yi ruri.

Direban ya san aikinsa. Ko sau ɗaya bai dubi taswira ba, lungu-lungu yake bi. Da ya iso wata bukka a rufe sai ya tsaya yana ta danna hon, har maƙwabta suka tuna da tsohon makahon da ke kwance a ciki, suka fito da shi. Wannan bai sa an raga masa ba. Mata suna tofa yawu, maza suna cewa Allah ya rusa gidan ubansa kamar yadda ya rusa nasu. Zuhur kaɗai ce ko ɗaga ido ba ta yi ta dube shi ba.

Bukkarta ce ta ƙarshe. Surukarta Najat, matar Bushayib, tana ta jan katifa, 'ya'yanta biyu suna riƙe da gefen rigarta. Katafila ta jira har ta kwashe tukunyar gas da tulin barguna. Bugu biyu, ɗakin da Zuhur ta yi shekara talatin a ciki ya kwanta.

Kafin la'asar babu abin da ya rage a tsaye. Masu makulli suka loda kaya a motoci suka tafi. Iyalai arba'in da ɗaya suka zauna a kan nasu kayan cikin rana. Zuhur ta buɗe fayil tana kiran sunaye, tana gaya musu gobe Rabat, babban birnin ƙasar, za ta kai ƙara, amma muryarta ta dushe.

Direban ya kashe injin ya sauko. Wani ya jefe shi da dutse a kafaɗa, bai waiwaya ba. Ya ratsa mutane har gaban kujerar Zuhur, ya durƙusa, ya kwance ƙyallen fuskarsa.

"Inna," ya ce, "yau ina zan kai Najat da yaran?"