Mahauci da Gwiwar Ɗansa

Tunda ka ce jiran shekara biyu ya yi maka tsawo, gyara zama in ba ka misalin wani mahauci. Gidansu gidan dambe ne tun kaka da kakanni. Shi ma ya ɗaura hannu a zamaninsa, sai dai bai yi suna ba, kuma abin ya daɗe yana cin sa. Sai Allah ya ba shi ɗa mai zafin nama. Yaron yana da shekara goma sha huɗu ya riga ya kashe sa'o'insa kaf, ka san a dambe da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan. A shekarar ne ya yi tsawo farat ɗaya, wandunansa duk suka ɗage, sai wani ƙullutu kamar goro ya fito masa a ƙasan ƙoƙon gwiwa. In ya yi tsalle zafi, in ya durƙusa a salla sai ya ciji leɓe. Aka shafa man zafi, aka gasa da ruwan ɗumi, wata shida ciwo yana nan. Da suka je asibiti, likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya yi wa uban bayani da abin da ya sani. Ya ce ai kai ka san bakin ƙashin ɗan rago guringuntsi ne, bai zama ƙashi ba tukuna. To a irin wurin nan jijiyar gwiwa take kamawa, yaro yana girma tana ja, shi ne ciwon. A hutar da shi daga dambe, a jira ƙashi ya ƙosa, yawanci da kansa yake tafiya. In ya gama girma ciwon ya ƙi, sai a yi masa ɗan ƙaramin aiki a cire guntun ƙashin da ya rage. Amma duk wanda ya sa wuƙa yanzu, wurin da ƙafar take girma zai yanka.

Duk wannan bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen mahauci: a cire. Kaka, lokacin dambe, ta kusa, makaɗa sun fara saka sunan yaron a kalangu, an ce za a haɗa shi da ɗan wani gari. Mahauci ya dawo gida yana huci, wai shi za a koya wa gaɓa, shi da ya raba ƙafa da cinya sau dubu ba tare da ya duba ba. Ya aika aka kira wanzamin da ya yi wa yaron kaciya. Wanzami ya noƙe, ya ce shi ƙaho da tsaga ya gada, ƙashi ba nasa ba ne. Mahauci ya ce, "Kai dai riƙe aska, ni zan nuna maka wurin." Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a zaure, ƙarti huɗu suka danne yaron, uban ya laluba da babban yatsa yadda yake laluben gaɓar rago, ya ce nan. Bai yi kuskuren wuri ba, wannan kam in ba shi haƙƙinsa. Abin da ya manta shi ne, duk dabbar da ya taɓa yi wa wannan aiki ba a bukatar ta sake tashi. Yaro bai yi kuka ba, don ɗan dambe ba ya kuka gaban maza, uban har yana yi masa kirari. Suka kankare ƙullutun, har da jijiyar suka yanke. A kwana na uku ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi, zazzaɓi ya rufe shi, ɗakin ya fara wari. Aka koma asibitin a guje. Likita ya buɗe tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya dubi uban, ya sa aka shiga da yaron ɗakin tiyata. Aikin da aka ce ƙarami ne in an jira, sai da aka yi shi babba har sau uku kafin a ceci ƙafar. An cece ta, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba.

Abin takaici, cikin yaran da ɗan mahaucin ya kashe a fage akwai biyu masu irin ƙullutun nan. Ƙullutun ɗayansu ya baje da kansa. Ɗayan ya jira ya gama girma, aka yi masa ɗan aikin, bayan 'yan watanni ya koma fage. Shi kuwa ɗan mahauci, yana da shekara goma sha bakwai yake salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, tare da tsofaffi, ƙafa a miƙe. Bai taɓa gaya wa ubansa magana mai zafi ba, kullum da safe sai ya ɗingiso ya gaishe shi a tsaye, don ba ya iya durƙusawa. Uban ya ce da zaginsa yake yi da ya fi masa sauƙi.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira an rasa ido.