Ɗan Layin da Injin Ya Haɗiye

Alhaji, ka ce mini kuskuren bugun littafi ba abin tada jijiyar wuya ba ne, wai laifin mai saye ne da bai duba ba. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, don haka ajiye wayar nan ka saurari wannan misali.

An yi wani kafinta mai 'ya a aji shida na sakandare. Ciwon sikila gare ta, mako ɗaya a aji, biyu a kwance. Da abin ya yi yawa sai ya ƙera mata tebur da kujera, ya ce a gida za ta yi shirin jarrabawar fita. Sauran darussa tana bin su da kanta. Aljebra ce ta gagara, lissafin nan da ake sa harafi a gurbin lamba a ce a nemo ta. Uban ya tafi kasuwa, mai shago ya jera masa littattafai uku. Ɗaya yana warware kowane darasi daki-daki amma babu amsoshi, ɗaya sai da malami a kusa, na ukun kuwa yana da amsar kowace tambaya a jere a baya. Gida huɗu ne tsakaninsa da wani tsohon malamin lissafi, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Amma kafintan ya taɓa faɗa a majalisa cewa ya gama sakandare, alhali a aji biyu ya tsaya, kuma ya san in ya je neman shawara, tambaya ɗaya malam zai jefo masa asiri ya tonu. Sai ya ɗauki na ukun. Yana isa gida ya sa reza ya yanke shafukan amsoshin, ya ɓoye su a akwatin aikinsa ƙarƙashin zarto, ya sayi jan biro. Shi ke nan, ya zama malami.

Abin da bai sani ba, injin da ya buga littafin ya haɗiye ɗan gajeren layin nan na ɗebewa da ake sawa a gaban lamba don a nuna ta gaza sifiri. A duk shafukan amsoshi babu shi ko ɗaya. Yarinya ta yi aikinta tsaf, ta samu uku da layi a gabanta. Uban ya fita ya leƙa takardarsa, ya ga uku tsirara, ya dawo ya zabga mata jan kuros. Ta ce, "Baba, na sake bi sau biyu." Ya ce, "Littafi kika fi sani?" Mutumin da ya san kaurin layin fensir kan hana ƙofa rufuwa, shi ne ya ɗauki wannan layi a matsayin datti. Wata biyar ana haka. Tun tana musu har ta daina. Ta koyi ta yi lissafi daidai, in ta zo ƙarshe ta sa abin gogewa ta share layin, ta ga fuskar ubanta ta saki.

Da jarrabawa ta matso, ya kai ta wata makaranta ta zauna gwaji tare da ɗalibansu. Malamin da ya duba takardarta ya aika a kira shi. Malamin ya ɗaga takardar a hasken taga, sai ga ta duk ta sirance a gaban amsoshin, wani wurin har ta huje saboda gogewa. Ya tambayi yarinyar wa ya koya mata haka. Ta ɗaga kai da alfahari ta ce, "Babana ne, kuma shi ba ya kuskure." Kafintan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya koma gida ya fito da tsofaffin littattafan aikinta, ya kai wa maƙwabcin nan da ya guje wa, ya zauna a ƙasa yana kallon tsohon yana bin jan biro shafi-shafi yana cewa, "Nan daidai ta yi. Nan ma daidai ta yi." Ranar ya faɗa wa 'yarsa inda karatunsa ya tsaya, ya miƙa mata shafukan da ya ɓoye, ƙurar katako a jikinsu. Ba ta yi masa kuka ba. Amma har yau in ta gama tambaya, ko mai sauƙi ce, hannunta kan tsaya a kan takarda, ta waiwaya tana neman wanda zai ce mata haka ne. An gyara mata layin cikin mako guda. Yardar da ta yi wa kanta ce har yanzu ba ta dawo ba, ga jarrabawa saura wata biyu.

Uban ya ɗauki laifinsa, bai raba shi da kowa ba, ko majalisa ya daina zama. To kai fa? Irin wannan littafin ne jibge a bayanka, daga injinka ya fito, kuma da amsoshin bayan nan kake tallarsa ga iyayen da ba su da wata madogara. Ka janye shi daga kasuwa, ka buga gyara da manyan baƙaƙe, ka kuma rubuta a fili cewa ɗaliban da aka ce sun yi kuskure su ne da gaskiya. Ba zan tashi daga kujerar nan da ƙasa da haka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.