Faifan da Na Saƙa

Muna aji huɗu a firamaren unguwarmu, can wajen Sheshe, duk ranar Alhamis akwai darasin aikin hannu. Aka ce kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa.

Ni na ɗauka da gaske ake. Kullum na dawo daga makaranta ina gindin kakata, Inna, tana koya mini saƙar faifai da kaba rinanniya, ja da kore. Basilla ta soke ni ya fi a ƙirga. Faifan ya ɗan karkace, amma Inna ta juya shi ta ce, "Kai shi haka, hannunki ne."

Ranar nan 'yan aji suka jere kayansu a teburin Malama: sabulun wanki, tsintsiyar kasuwa, har da turare a kwalinsa. Duk saye aka yi. Malama tana karɓa tana murmushi tana ba da maki.

Da ta zo kaina sai ta ɗaga faifan da yatsu biyu.

"Ke yanzu wannan me zan yi da shi?"

Aji ya fashe da dariya. Ni na zo ta ƙarshe.

Ban yi kuka ba sai da zafi ya taso, na ɗaga kai na ga Malama ta miƙe ƙafa tana fifita da faifaina. Har aka tashi bai bar hannunta ba.

Yau na yi jikoki, amma wallahi in na tuna har yanzu raina ɓaci yake. Ashe ta san abin da za ta yi da shi.